Jan Biro Daga Nesa: Yadda Za Mu Riƙe 'Yan Ajin Ƙarshe Idan An Rufe Makaranta

Jawabin da malaman Turanci na manyan makarantun sakandare suka gabatar a babban taron reshe



Malaman Turanci na manyan makarantun sakandare da ke ƙarƙashin wannan reshe su ne suka ɗora mana nauyin yin magana da yawunsu a yau. Saƙon da suka aiko mu da shi ya shafi 'yan ajin ƙarshe, da halin da darasin Turanci yake shiga a duk lokacin da aka garƙame ƙofar makaranta alhali jarrabawa tana tafe.

Wani zai iya cewa ai wannan tsohon zance ne, annoba ta wuce. To, bari mu tuna wa juna kwanakin. A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda cutar korona. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a watan Afrilu aka ɗage ta, 'yan ajin ƙarshe suka zauna a gida fiye da wata huɗu. Sai ranar 4 ga Agusta aka ce su dawo, ranar 17 ga watan kuma aka shiga ɗakin jarrabawa. Kwana 13 ke nan tsakani. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga abin da ya auku a Ƙanƙara a watan Disamba na shekarar, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi suka yi ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 aka haɗa wa Zamfara biyu: makarantu a rufe, layukan waya a katse. A Nuwamban 2025, bayan Maga da Papiri, an sake sallamar yara gida a jihohi da dama. Ba ma fatan a ƙara, Allah ya kiyaye. Amma wanda ya ga wannan jeri ya ce ba za a sake rufe masa makaranta ba, ya yi wa kansa alkawarin da ba a hannunsa yake ba. Ranar jarrabawa kuwa ba kullum take jiran kowa ba. A 2020 an ɗage ta domin abin ya game ƙasashe. Idan jiha ɗaya ce ko ƙaramar hukuma ɗaya abin ya shafa, yaranta kawai ake bari a baya.

Domin iyayen da ke tare da mu, ya kamata mu fayyace abin da ake nema ga yaro a wannan darasi, tunda babu wata jami'a da za ta karɓe shi ba tare da kiredit a Turanci ba, ko da likitanci zai karanta, ko da Hausa zai karanta. Takardar Turanci ta WAEC kashi uku ce. Akwai tambayoyin zaɓi guda 80, waɗanda yara ke kira canki-canka, makinsu 40. Akwai tambayoyi 60 a kan furuci, makinsu 30. Sa'an nan akwai babbar takarda ta awa biyu mai maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Wato a cikin maki 170, ɗari cif daga abin da yaro ya rubuta da hannunsa ake samun su. Insha'in kuma ana son ya kai kalmomi 450. Waɗanda suka taɓa zuwa makin WAEC a cikinmu sun san yadda ake raba hamsin ɗin nan: goma ga ƙunshiyar magana, goma ga tsari, ashirin ga iya bayyana magana, goma ga tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure na nahawu ko na harafi ko na alamar rubutu rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goma sun tafi. Yawancin yaranmu kafin su kai tsakiyar shafin farko sun riga sun cinye su.

Da aka rufe makarantu a 2020, gwamnatocin jihohi irin su Kaduna da Kano sun fito da darussa ta rediyo da talabijin, kuma malamai 'yan'uwanmu ne suka shiga ɗakunan watsa shirye-shirye suka yi aikin. Sun cancanci yabo, domin rediyo yana shiga inda data ba ta shiga, kuma da babu gara ba daɗi. Daga baya, a watan Maris na 2022, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport. Zaurukan WhatsApp kuwa sun cika da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Duk waɗannan suna da amfani ga maki saba'in ɗin can na zaɓi da furuci. Amma rediyo faɗa yake yi, ba ya ji. Malamin da ke cikinsa zai iya bayyana yadda ake buɗe wasiƙar neman aiki sau goma, ba zai taɓa sanin cewa wata yarinya a bayan gari ta rubuta “borrow me your book” ba, domin a bakinta aro da arawa duk daga tushe ɗaya suke. Ba zai ga yaron da ya rubuta “I am hearing smell” ba, wanda ya ɗauko “ina jin wari” ya sa mata rigar Turanci. Yaron zai saurari darasi, ya gyaɗa kai, ya koma ya rubuta abin da ya saba, tunda ba wanda ya taɓa zagaye masa wannan jimla da jan biro ya ce sake. Abin da muka zo faɗa ke nan a taƙaice: a darasin Turanci, koyarwa daga nesa ba ta cika sai rubutun yaro ya iso hannun malami, ya koma masa da gyara, ya kuma sake dawowa a gyare. Duk tsarin da ba shi da wannan kai-da-komo, sanarwa ce kawai.

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake jikin takardar naira goma, wanda kuma ya shugabanci wannan ƙungiya tamu ta malaman Najeriya a shekarun 1950, ya sami digirinsa na Jami'ar Landan a 1928 yana nan gida yana koyarwa. Mutanen wancan zamani da yawa ta gidan waya suka yi karatu, da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila. Ɗalibi zai rubuta amsarsa ya jefa a akwatin gidan waya, ta yi makonni a hanya, ta dawo masa da rubutun malami a gefen takarda. Babu murya, babu hoto, babu sauri, amma akwai gyara, kuma da wannan gyaran aka haifi malamai da lauyoyi. Mu kanmu, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan da littattafan Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, suka sami takardar NCE, suna karatu a gida suna zuwa cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu. Kowa a cikinsu zai iya tuna bambancin da ke tsakanin malamin da yake mayar da jinga da bayani da wanda yake karɓa ya yi shiru.

Yanzu ga yadda waɗanda suka gwada a cikinmu suka ga abin ya fi tafiya.

Yaro ya rubuta da biro a littafinsa, ya ɗauki hoton shafin ya turo. Kada ya buga a waya. Dalilin farko shi ne da biro zai rubuta jarrabawa; ko a tsarin kwamfuta da WAEC ta fara gwadawa a 2024, insha'i a takardar amsa ake rubuta shi, kuma hannun da ya yi wata huɗu bai riƙe biro ba ba zai fitar da kalmomi 450 cikin minti hamsin ba. Dalili na biyu, waya tana gyara wa mai bugawa harufansa, ta ɓoye mana ainihin abin da ya sani. Na uku, kwafa da hannu tana da wahala, kuma wahalar kanta tana rage ta.

Malami kuma kada ya yi wa shafin ruwan jan biro. A cikin aji, idan ka mayar wa yaro takarda ja wur, kana nan tsaye, yana ganin fuskarka, zai iya biyo ka ofis. A gida shi kaɗai ne da hoton, watakila ma a wayar yayansa, watakila yayan ya riga shi gani. Yaron da aka tura wa gyara talatin a lokaci guda ba ya gyara ko ɗaya, sai dai ya daina turo aiki, ka neme shi ka rasa. Abu biyu ya isa a kowane zagaye: ɗaya daga tsarin magana, ɗaya daga nahawu. A wannan mako, alal misali, a ce masa sakin layinsa na biyu ya ɗauko zance uku, ya zaɓi ɗaya. Sa'an nan ya bi duk aikatau ɗin da ke cikin labarin ya tabbatar sun tsaya a shuɗaɗɗen lokaci, tunda jiya abin ya faru. Sauran kurakuran suna nan, za su jira makonsu. Kuma a fara da faɗa masa jimla ɗaya da ya rubuta daidai, a karanta masa ita, domin ya san an karanta aikinsa da gaske.

Mun ce a karanta masa, domin saƙon murya na minti ɗaya ko biyu ya fi rubutaccen gyara aiki nesa ba kusa ba. Ya fi sauri ga malami, ba ya cin data sosai, kuma yaro yana jin muryar wanda ya sani, ya gane cewa ba faɗa ake yi masa ba. Ga furuci ma babu kamarsa: yaro ya karanta jimla uku masu ɗauke da “p” da “f”, ko “v” da “b”, waɗanda suke wahalar da harshen Bahaushe, ya turo, a mayar masa da yadda ake faɗa. A nan za mu faɗi wani abu da muka san ba kowa zai yarda da shi ba. Idan bayanin ƙa'ida ya ƙi shiga da Turanci, a yi shi da Hausa. Mun san akwai makarantun da har yanzu ake cin tarar yaro idan an ji shi yana Hausa, kuma mun san manufar masu yin haka. Amma yaron da aka gaya masa a fili cewa Hausa ba ta da takwarar “a” da “an”, shi ya sa yake mantawa da su, kuma ga wuraren da Turanci ba ya yarda a bar suna tsirara, ya fi saurin kama kansa a kan wanda aka maimaita masa ƙa'idar da harshen da bai gama ji ba. Rubutunsa da Turanci zai yi, misalanmu da Turanci za su kasance. Bayani kuwa a bi ta ƙofar da take buɗe.

Sai mataki na uku, wanda aka fi tsallakewa: ya sake rubutawa. Maki ba ya hawa kan rubutun farko. Idan yaro ya san an riga an ba shi shida bisa goma, ba zai saurari saƙonka ba, ya riga ya ga abin da yake nema.

Mun san abin da ke ran kowane malami a yanzu, domin shi ne a ranmu. A ɗauka malami yana da aji huɗu, kowane da yara sittin, kuma a cikinmu akwai waɗanda nasu ya zarce haka. Yara 240 ke nan. Idan kowane insha'i zai ci minti goma tsakanin buɗe hoto, karanta rubutun da hasken fitila ya dushe, da ɗaukar murya, awa 40 ke nan a zagaye ɗaya, ba a zo ga sake rubutu ba. Ba mai iya wannan kowane mako, kuma duk wanda ya ce a yi, bai taɓa yi ba. Saboda haka dole a rage girman aikin domin a tsare kai-da-komonsa. Makonni na farko sakin layi ɗaya ya isa, jimla biyar ko shida, wanda ake karantawa cikin minti biyu. Cikakken insha'i kuwa a raba yara rukuni huɗu, kowane mako rukuni ɗaya, ta yadda kowane yaro zai sami cikakken gyara sau ɗaya a wata. Kurakuran da suka game kowa a tattara su a saƙo guda ga dukan aji, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Yaran da suka fi ƙwazo kuma a haɗa su da 'yan'uwansu bibbiyu su karanta wa juna kafin a turo, da tambaya ɗaya tak a hannunsu: a wane wuri ne ban gane abin da kake nufi ba?

Duk wannan magana ta masu waya ce, kuma a nan ne abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A yawancin gidajen yaranmu babbar waya guda ce, ta maigida ce ko ta babban wa, tana fita da safe ta dawo bayan isha'i, cajinta ya kusa ƙarewa. Namiji yakan samu ya je shagon caji ko majalisar abokai ya ari ta wani. Mace tana cikin gida, aikin gida ya ƙaru a kanta tun ranar da aka ce babu makaranta, kuma mun sha gani, idan zaman ya yi tsawo, ana komawa aji sai a tarar da kujerarta babu kowa. Namijin ma idan ya fara jin ɗumin kuɗin kasuwa ko na adaidaita sahu, komawa aji yakan yi masa nauyi. Tsarin da ya dogara da waya kaɗai, ɗiyan masu hali yake ƙara wa gudu. Shi ya sa muke cewa takarda ba ta mutu ba. A ajiye akwati biyu a wurin da iyaye suka amince da shi, zauren mai unguwa ko ƙofar makarantar firamare mafi kusa, ɗaya na ajiye aiki ɗaya na ɗaukar gyara, a sa rana ɗaya a mako. Inda hanya ba ta da lafiya, ba za mu ce malami ya sa ransa a haɗari ba. Direban motar kasuwa da aka sani yana iya ɗaukar ambulan. Ƙasar nan ta san irin wannan tsari tun kafin zuwan Turawa: jajis ɗin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, su ne suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka da ba su iya zuwa. Yarinya ɗaya mai waya a lungu tana iya zama jajin 'yan'uwanta biyar, idan an yi magana da iyayenta.

Akwai kuma abin da ya shafi mutuncinmu, wanda ya wajaba ƙungiya ta sa baki a kai. Wayar malami namiji tana ƙara da sha ɗayan dare, saƙon ɗaliba ne, domin a lokacin ne waya ta iso hannunta. Niyyar kowa tsarkakakkiya ce, amma zargi ba ya tambayar niyya. Shawararmu ita ce duk aiki ya bi ta zauren aji, kowane zaure ya kasance da malama mace da wakilin iyaye a ciki, a kuma sanar da sa'o'in da malami yake amsawa. Abin da ya iso bayan lokaci ya kwana, a amsa shi da safe.

Mu juya ga rubutun bincike. WAEC ba ta tambayar sa da wannan suna, shi ya sa wasu suke ganin ɓata lokaci ne ga ɗan ajin ƙarshe. Mu ba mu ga haka ba. A cikin nau'o'in insha'in da ake kawowa akwai maƙala don bugawa a jarida, akwai muhawara, akwai rahoto, kuma yaron da bai taɓa tattara hujja ba, a nan ne yake cika shafi da maimaita tambaya. Bayan haka, cikin shekara guda zai tsinci kansa a gaban malamin jami'a ko na kwaleji da zai ba shi jinga ya ce ya kawo madogara. A wurin yawancin yaranmu kuwa, bincike yana nufin a buga tambaya a waya a kwafe abin da ya fara fitowa. Ba su ɗauke shi sata ba, domin ba wanda ya taɓa nuna musu wata hanya. Ga shi kuwa sashen taƙaitawa, mai maki talatin, abin da yake hukuntawa ke nan: ɗauko jimlar marubuci ɗungurungum a ajiye a matsayin amsa. Wanda ya koyi faɗin maganar wani da kalmominsa a rubutun bincike, ya koyi taƙaitawa bai sani ba.

Zaman gida, duk da sharrinsa, ya fi aji dacewa da wannan aiki, muddin an zaɓi tambayar da ta dace. Idan ka ce wa yaro ya rubuta a kan matsalar ruwan sha a Najeriya, ka aike shi ya kwafo. Idan ka ce masa ya gano nawa ake sayar da jarkar ruwa a unguwarsu, ko farashin yana canjawa cikin mako biyu, kuma me ya sa, to babu wannan a intanet. Dole ya fita ya tambayi ɗan garuwa, ya tambayi mai rijiyar burtsatse nawa yake kashewa a man janareta, ya tambayi mahaifiyarsa jarka nawa gidan yake sha a yini. Yarinyar da ba ta fita tana iya bin farashin tiyar gero daga bakin mai yi musu cefane, ko ta zauna da kakarta ta ji yadda aka samo sunan unguwar, sa'an nan ta tambayi wani dattijo na biyu ta ga ko labarin ya zo ɗaya. Idan bai zo ɗaya ba, a nan binciken ya fara daɗi, kuma a nan yara suke fara turo saƙo ba tare da an neme su ba.

A littafin da suke tattara bayani muna sa su raba shafi gida huɗu: abin da na gani da idona, abin da aka faɗa mini da wanda ya faɗa da ranar, abin da na karanta da inda na karanta, sai abin da ni nake gani. Suna iya cike shi da Hausa, tunda da Hausa aka yi hirar. Wajen mayar da shi Turanci ne aikin nahawu yake fitowa da kansa: maganar ɗan garuwa dole ta koma zancen wani, lokacin aikatau ya ja baya, “according to” ta sami wurin zama, “I think” ta tsaya a gidanta na huɗu kada ta yi shigar hujja. Abin da muke shafe makonni muna koyarwa a allo da jimlolin da ba su shafi kowa ba, ga shi yaro yana nemansa domin yana da abin faɗa.

Muna kuma buƙatar madogara ɗaya rubutacciya, ɗaya kawai, amma a san ta. Rahoton jarida ne, ko na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da take fitar da farashin kayan abinci wata-wata, ko babi a littafin makaranta. Tambaya uku ake yi mata: wa ya rubuta, yaushe, kuma shi a ina ya samo. Saƙon da aka turo a WhatsApp ba suna ba kwanan wata ya faɗi tun a tambayar farko. Iyayen da ke nan za su tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta buga waya ana tashin mutane su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Ba wanda ya tsaya ya ce wa ya faɗa. Mukan ba yara wannan labari, kuma sukan koma gida su tambaya, su dawo da shaidar cewa a gidansu ma an yi.

Ba za mu rufe wannan babi ba sai mun taɓo ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kuma tun watan Afrilu na 2024 Meta AI yana zaune a cikin WhatsApp ɗin da muke karɓar aiki da shi. Yaro zai ba shi taken insha'i, kafin ya ajiye kofin shayi ya sami kalmomi 450 ba kuskure ko ɗaya. Muna gane irin wannan rubutu, domin yaron da jiya yake faɗuwa a “he go” ba zai wayi gari da Turancin editan jarida ba. Amma ganewa daban, hujja daban, kuma ba ma goyon bayan a tozarta yaro a zauren aji bisa zato. Abin da ya fi shi ne a kira shi minti biyu, a ce ya bayyana da bakinsa abin da yake nufi da sakin layi na uku, ko ya faɗi ma'anar wata kalma da ya yi amfani da ita. Wanda ya rubuta zai amsa ko da da in'ina. Wanda bai rubuta ba shi da kansa zai ce Malam bari in sake. Tsarin da muka bayyana ma yana rage abin tun daga tushe, tunda ana ganin rubutun farko da na biyu, ana ganin shafin nan mai gida huɗu, kuma na'urar ba ta san ɗan garuwan layinsu ba. Idan aka matsa mata sai ta ƙirƙiro wani, da farashin da kowa a unguwar zai yi wa dariya. Ya kamata dai mu faɗa wa yara gaskiya ba tare da tsoratarwa ba: ranar jarrabawa su da biro ne kawai. Mu manya kuma mu tuna cewa yaron da ya ga ana kai yayyensa makarantun da ake rubuta musu amsa a allo, da kuɗin iyaye, ba a wurin na'ura ya fara koyon cewa rubutun wani yana iya zama nasa ba.

Shugaba, saura abin da muke roƙon reshe ya ɗauka ya kai gaba.

A duk rufewar da muka ambata, malamin da ya ci gaba da bin yaransa da kuɗin aljihunsa ya yi. Shi ya sayi data, shi ya biya caji, wayarsa ce ta cika da hotuna har ta daina ɗauka. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi hamsin cikin ɗari, albashin da yawa daga cikinmu kuwa bai ji labari ba. Muna roƙon a sa alawus na data a cikin abin da ƙungiya za ta tattauna da ma'aikata, a ƙayyade shi tun yanzu, ya fara aiki daga ranar da aka sanar da rufe makaranta. Muna kuma roƙon a amince a rubuce cewa gyaran rubutu daga gida aiki ne, a lissafa sa'o'insa, domin kada a sake jin wani jami'i yana cewa malamai suna gida suna cin albashi a banza.

Sauran kuwa ba ya buƙatar izinin kowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Galibi sanarwar rufewa da dare take zuwa, da safe yara sun watse, babu wanda ya san inda za a same su. Saboda haka muna son kowace makaranta, kafin ƙarshen wannan zango, ta san abu uku game da kowane ɗan ajin ƙarshe: lambar da za a same shi da sunan mai wayar, ko wayar tana ɗaukar hoto, da unguwa ko ƙauyen da zai koma. A ware sunayen waɗanda ba su da ko ɗaya, domin su ne 'yan akwati, a kuma je a gaida mai unguwarsu tun ana zaman lafiya. Mu malaman Turanci mun ɗauki alkawarin haɗa ɗan littafi na mako takwas, mai ɗauke da taken sakin layi da na insha'i, da nassoshin auna fahimta da taƙaitawa, da tambayoyin bincike da suka dace da birni da ƙauye, domin a buga a ajiye a ofishin kowane shugaban makaranta, yaro ya fita da shi a jakarsa ranar da aka sallame su. Kuɗin bugawa ne ba mu da shi, kuma muna fatan ma'aji da ƙungiyar iyaye za su duba.

Takardar da za a cike da sunayen yaran tana hannun sakatare. Wakilin kowace makaranta ya karɓi tasa kafin ya fita, a dawo da ita a taron wata mai zuwa. Malaman lissafi da na kimiyya da suka tambaye mu ko za su iya shiga, akwatin yana da faɗi.